Sawunmu a Intanet: Yadda Ake Bin Diddigin Mai Bincike

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta kan rairayi sai ya bar sawu. Ƙwararren mafarauci yakan dubi sawun dabba ya faɗi irinta da girmanta da inda ta nufa, ko da bai gan ta da idonsa ba. Haka abin yake a intanet. Duk shafin da muka buɗe, da duk abin da muka nema, da duk hoton da muka tsaya muka kalla, suna barin alama. Akwai kuma kamfanonin da sana'arsu ita ce bin waɗannan alamomi. A wannan babi za mu ga yadda ake bin sawun mai bincike, da abubuwan da wayarsa ko kwamfutarsa take adanawa game da shi, da haɗarin da ke tattare da hakan, da kuma matakan da zai ɗauka don kare sirrinsa.

Burauza da aikinta

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Daga cikin sanannun burauzoji akwai Chrome da Firefox da Safari da Edge, sai kuma Opera Mini wadda mutane da yawa a Nijeriya suke amfani da ita saboda ba ta cin data sosai.

Idan mutum ya rubuta adireshin wani shafi, burauzarsa takan aika saƙo zuwa babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta ce a turo mata shi. Wannan saƙo ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan tafi da lambar IP, wato lambar da ke nuna layin intanet ɗin da saƙon ya fito, kuma daga gare ta ana iya kintatar ƙasa ko garin da mutum yake. Yakan tafi da bayanin irin na'urar da irin burauzar da harshen da aka zaɓa. Sau da yawa har da sunan shafin da mutum ya baro kafin ya iso wannan.

Wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a shekarar 1989, lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan. A tsarin na farko, shafi ba ya tuna kowa. Ko sau goma mutum ya dawo a rana guda, kallon baƙo za a yi masa. Wannan ya zama matsala ga masu son yin ciniki, domin idan mai saye ya zaɓi kaya a shafi na farko, da zarar ya buɗe na biyu an manta da shi da abin da ya zaɓa.

Mene ne kuki?

A shekarar 1994 wani injiniya mai suna Lou Montulli, ma'aikacin kamfanin Netscape na Amurka, ya samo maganin wannan mantuwa. Abin da ya ƙirƙiro shi ne ake kira kuki. Kuki ɗan gajeren rubutu ne da shafi yake ba burauza ta ajiye masa. Girmansa ba ya wuce kimanin kilobait 4. Duk lokacin da mutum ya koma shafin, burauza takan miƙa wannan rubutu, sai shafin ya gane shi.

Katin asibiti zai taimaka mana mu fahimci wannan. Ranar da majinyaci ya fara zuwa asibiti, akan ba shi ɗan ƙaramin kati mai lamba, a kuma buɗe masa fayil. Katin yana aljihunsa, fayil ɗin yana asibiti. Babu wani bayani mai yawa a jikin katin, amma da zarar ya miƙa shi sai a ɗauko fayil ɗin da ke ɗauke da tarihin ciwonsa gaba ɗaya. Kuki shi ne katin. Bayanan da kamfani ya tara a kwamfutocinsa su ne fayil ɗin.

Wani kukin yakan goge da zarar an rufe burauza. Wani kuma yakan zauna watanni, har ma fiye da shekara. Kuki yana da amfani ƙwarai. Shi ne yake sa ba sai mun sake rubuta kalmar sirri a kowane shafi na asusunmu ba, shi ne kuma yake riƙe kayan da muka zaɓa a kantin intanet har mu biya kuɗi. Matsalar tana farawa ne idan wanda ya ba da katin ba shi ne wanda muka je wurinsa ba.

Kukin baƙo

Shafin da muke gani a fuskar waya kamar abu guda ne, amma a gaskiya haɗe-haɗe ne. Labarin yana fitowa daga kwamfutar masu shafin. Tallan da ke gefe yana fitowa daga wani kamfani dabam. Bidiyon da ke tsakiya daga wani, maɓallin tura labari ga abokai daga wani, na'urar ƙidayar masu ziyara daga wani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙi yana iya ajiye nasa kukin a burauza. Irin wannan shi muke kira kukin baƙo.

Abin lura shi ne, kamfanin talla guda yana iya kasancewa a dubban shafuka. Mu ɗauka ɗalibi ya karanta labarin ƙwallon ƙafa ranar Litinin, ya duba farashin takalma ranar Talata, ya nemi bayani kan ciwon asma ranar Laraba, ranar Alhamis kuma ya duba sharuɗɗan shiga wata jami'a. Shafuka huɗu ne dabam-dabam, masu su ba su ma san juna ba. Amma idan kamfanin talla ɗaya yana cikinsu duka, lamba ɗaya ya gani sau huɗu. Yanzu fayil ɗinsa ya nuna cewa mai wannan lamba matashi ne mai son ƙwallo, yana neman takalmi, wataƙila shi ko wani nasa yana fama da asma, kuma yana shirin shiga jami'a. Wannan ne dalilin da ya sa takalmin da ka duba sau ɗaya yake ta bin ka daga shafi zuwa shafi.

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawancin shafukan da muke shiga kyauta da kuɗin talla suke rayuwa, kuma tallan da ya dace da mai kallo ya fi tsada. A ɗan lokacin da shafi yake buɗewa, wanda bai kai daƙiƙa guda ba, kwamfutoci sukan yi gwanjon filin tallan, wanda ya fi tayi shi ne tallansa zai bayyana. Domin a gane darajar wannan kasuwa, a shekarar 2008 kamfanin Google ya kammala sayen kamfanin tallan intanet na DoubleClick a kan dala biliyan 3.1.

Wasu hanyoyin bin sawu

Ba da kuki kaɗai ake bin mutum ba. Akwai wasu hanyoyi uku da ya kamata a sani.

Ta farko ita ce ɗigon leƙe. Wannan hoto ne ƙarami ƙwarai, ɗigo ɗaya tak, wanda ido ba ya gani. Akan saka shi a shafi ko a cikin wasiƙar imel. Da zarar an buɗe shafin ko wasiƙar, na'ura takan nemo hoton daga kwamfutar mai shi, shi kuwa ta haka yake sanin an buɗe, da lokacin da aka buɗe, da irin na'urar da aka yi amfani da ita. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ta biyu ita ce zanen yatsan na'ura. Shafi yana iya tambayar burauza abubuwa da yawa: faɗin fuskar na'ura, da agogon yankin da take, da harsunan da aka zaɓa, da nau'o'in rubutun da ke cikinta, da yadda take zana hoto. Kowace amsa ita kaɗai ba ta nuna kowa, domin miliyoyin mutane suna da irinta. Idan aka haɗa su wuri guda kuwa, sukan bambanta na'ura ɗaya daga sauran, kamar yadda zanen yatsa yake bambanta mutum da ɗan'uwansa. A shekarar 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta gwada burauzoji kusan 470,000, ta tarar fiye da kashi 80 cikin 100 kowace tana da zanen da babu mai irinsa a cikin waɗanda aka gwada. Wannan hanya ta fi kuki wuyar kaucewa, domin ba a ajiye kome a na'urar ba, balle a goge shi.

Ta uku ita ce asusun da muka bari a buɗe. Idan mutum yana cikin asusunsa na imel ko na dandalin sada zumunta, sannan ya ci gaba da yawo a shafukan da ke ɗauke da kayan aikin wannan kamfani, to ana iya haɗa yawon nasa da sunansa na gaskiya da lambar wayarsa. A nan fayil ɗin ya tashi daga na lamba ya koma na mutum sananne.

Abin da burauza take adanawa

Ban da masu bin sawu daga nesa, ita kanta burauza rumbu ce. Tana adana tarihin bincike, wato jerin shafukan da aka buɗe da ranakun da aka buɗe su. Tana da ma'ajiyar wucin gadi, inda take ajiye hotuna da sassan shafuka don su yi saurin buɗewa a karo na gaba. Tana tuna abin da aka cike a fom, kamar suna da adireshi da lambar waya. Idan aka ba ta izini, tana riƙe kalmomin sirri har da lambar katin banki. Akwai kuma wata ma'ajiya da shafuka suke zuba bayanansu a ciki, wadda ta fi kuki girma nesa ba kusa ba, kuma abin da ke cikinta ba ya gogewa don an rufe burauza.

Duk wannan don sauƙaƙa aiki aka yi shi, kuma yana da kyau idan na'urar ta mutum ɗaya ce. Amma a ƙasarmu na'ura ɗaya takan bi hannaye da yawa. Ɗalibai sukan je shagon intanet don duba sakamakon WAEC ko NECO, ko buga takardar jarrabawar JAMB, ko cike fom ɗin neman gurbin karatu. A gida kuma wayar uwa ko ta yaya ita ce ta kowa. Wanda ya tashi daga kwamfutar shago bai fita daga asusunsa ba, ya bar ƙofar ɗakinsa a buɗe ga duk wanda zai zauna bayansa. Rufe shafi ba fita daga asusu ba ne. Kukin da ke shaida cewa ka shiga yana nan har sai ka danna maɓallin fita.

Wannan kuki na shiga asusu shi ne ɓarayin intanet suka fi kwaɗayi, domin wanda ya same shi yana iya shiga asusun ba tare da sanin kalmar sirri ba. A shekarar 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya fitar da wata 'yar manhaja mai suna Firesheep don ya nuna wa duniya girman matsalar. A wancan lokaci, da ita mutumin da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai yana iya ɗauke kukinka ya shiga asusunka. Wannan ya taimaka wajen sa manyan shafuka suka koma kulle saƙonninsu gaba ɗaya. Shafin da adireshinsa ya fara da https yana kulle abin da ke tafiya tsakaninsa da burauza. A yau an fi satar kuki ta hanyar miyagun manhajoji, waɗanda akan ɓoye a cikin wasanni da manhajojin sata da ake saukewa daga wuraren da ba a san asalinsu ba.

Ina ruwana, tunda ba ni da abin ɓoyewa?

Wannan tambaya ce da mutane da yawa suke yi. Amsarta ita ce, sirri ba na mai laifi kaɗai ba ne. Kowa yana rufe ƙofar ɗakinsa, kowa yana liƙe ambulan kafin ya aika wasiƙa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da mutum yake nema a intanet yakan bayyana ciwon da yake ɓoyewa, da bashin da ake bin sa, da ra'ayinsa na siyasa, da damuwar da bai faɗa wa ko da amininsa ba.

Haɗarin iri-iri ne. Bayanan da aka tara suna iya wucewa daga hannu zuwa hannu, har su isa ga kamfanin da mai su bai taɓa jin sunansa ba. Ana iya fasa rumbun kamfani a kwashe su. Ɗan damfarar da ya san sunanka da bankinka da jarrabawar da kake jira ya fi iya yaudararka, domin saƙonsa zai yi kama da na gaskiya. Haka kuma wanda ya san abin da kake so da abin da kake tsoro yana iya zaɓar maka labaran da za ka gani, musamman a lokacin zaɓe. Sannan bayanai suna daɗewa. Ɗalibin yau shi ne mai neman aikin gobe, kuma sawun da ya bari yana yaro yana iya jiran sa a gaba.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A shekarar 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC. Dokar ta ba mutum damar tambayar kamfani irin bayanansa da yake riƙe da su, da neman a gyara su ko a goge, da janye amincewar da ya bayar, da kai ƙara gaban hukumar. Ta kuma ce idan bayanan na yaro ne, amincewar iyaye ko mai riƙonsa ake nema. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya.

A Tarayyar Turai, dokar GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Dokokin Turai ne suka sa shafuka da yawa suke nuna ɗan akwatin neman izinin kuki. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin Google tarar yuro miliyan 150, Facebook kuma yuro miliyan 60, saboda sun sauƙaƙa wa mutane amincewa da kuki, suka wahalar da ƙin amincewa.

Su ma masu burauza sun ɗauki matakai, amma ba su zama ɗaya ba. Firefox ta fara toshe kukin masu bin sawu ga kowa a 2019, Safari kuma ta toshe kukin baƙo gaba ɗaya a 2020. Google ya sanar a 2020 cewa zai cire shi daga Chrome, amma a 2024 ya janye wannan shiri.

Matakan kare kai

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da kowane ɗalibi zai iya yi:

1. Idan akwatin kuki ya bayyana, kada ka yi saurin amincewa da duka. Zaɓi waɗanda suka zama dole kawai.
2. Shiga saitin burauzarka ka toshe kukin baƙo, ka kuma riƙa goge kuki da tarihin bincike lokaci-lokaci.
3. A kwamfutar da ba taka ba, yi aiki a tagar sirri, kada ka yarda ta adana kalmar sirrinka, ka fita daga asusunka kafin ka tashi, ka kuma goge takardun da ka sauke.
4. Duba ko adireshi ya fara da https kafin ka rubuta kalmar sirri. Ka sani kuma shafin damfara ma yana iya samun wannan alama, saboda haka karanta sunan shafin da kyau.
5. Sabunta burauza a kai a kai, kada ka sauke manhaja daga inda ba ka amince da shi ba.
6. Sa wa wayarka makulli, ka ba kowane asusu kalmar sirrinsa dabam.

A kula da iyakar tagar sirri. Abin da take yi shi ne, ba ta barin tarihi da kuki a na'urar bayan an rufe ta. Ba ta ɓoye mutum daga shafin da ya shiga, ko daga kamfanin layinsa, ko daga mai Wi-Fi ɗin makaranta.

Kammalawa

Intanet kasuwa ce, makaranta ce, kuma dandali ce. Ba wanda zai shige ta bai bar sawu ba, amma wanda ya san yadda kuki da ɗigon leƙe da ma'ajiyar burauza suke aiki yana iya rage abin da yake bari, ya kuma san haƙƙinsa a gaban doka.

Ma'anar kalmomi

Bin diddigi: bin abu sannu a hankali don a san asalinsa ko inda ya nufa.
Kintata: faɗin abu bisa alamu ba tare da tabbaci ba.
Gwanjo: cinikin da wanda ya fi tayi yake saye.
Rumbu: ɗakin ajiyar hatsi, a nan, wurin tara bayanai.
Wucin gadi: na ɗan lokaci.
Damfara: karɓe dukiyar mutum ta hanyar yaudara.
Tara: kuɗin da ake biya saboda karya doka.

Tambayoyi

1. Waɗanne bayanai ne suke tafiya tare da saƙon burauza?
2. Wace matsala ce ta sa aka ƙirƙiro kuki, kuma a wace shekara?
3. Yi bayanin kamannin da ke tsakanin kuki da katin asibiti.
4. Me ya sa zanen yatsan na'ura ya fi kuki wuyar kaucewa?
5. Kawo haƙƙoƙi uku da dokar 2023 ta ba ɗan Nijeriya.
6. Mene ne tagar sirri take yi, mene ne kuma ba ta yi?

Aiki

(a) Nemo karin magana huɗu da aka yi amfani da su a wannan babi, ka faɗi ma'anar kowanne, sannan ka kawo makamancinsa a harshenku.
(b) Rubuta wa ƙanenka ko ƙanwarka wasiƙa mai sakin layi uku, ka ba da shawarar abin da ya kamata a yi kafin a tashi daga kwamfutar shagon intanet.